Kunnen Dogo na Hagu

Duk wanda ya koyi walda a hannun Guduma yana yawo da shaidarsa a jiki. Wani a ƙeya, wani a gwiwar hannu, akwai ma wanda ya bar haƙori guda a shagon ya kama gabansa. Shi ma Guduman haka aka koya masa. Maigidansa na farko bai taɓa zaunar da shi ya ce ga yadda ake yi ba, sai dai ya zuba masa ido har ya yi kuskure, sannan ya wurgo masa duk abin da hannunsa ya kai. Tabon yana nan a saman girarsa ta dama, fari sol, kamar an ja da alli. In aka tambaye shi yakan shafa wurin ya ce, "Wannan ai shi ne satifiket ɗina."

To, ranar da aka zo neman satifiket na takarda, tabo bai yi masa rana ba.

Shekara talatin yana da shagonsa a bakin titi, har aka zo faɗaɗa hanya, katafila ta kwashe shagon da na maƙwabta. Lokacin gemu ya fara fari, baya ya daina yarda da dogon tsugunno. Sai ya samu aka ɗauke shi a cibiyar koya wa manya sana'a, can bayan tashar manyan motoci, inda magidanta da waɗanda aiki ya kuɓuce wa suke zuwa neman abin yi. Ɗakin waldan dogon zaure ne mai rufin kwano, da bencin ƙarfe shida, da injin walda huɗu, biyu daga ciki sai an dake su suke tashi. A kusurwar ƙarshe silindojin iska ne ɗaure da sarƙa a bango. Shekara shida yana koyarwa a nan, kuma duk wanda ya fita daga hannunsa ya iya aiki. Wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Sai doka ta sauko daga sama, cewa duk mai koyar da manya, ko aski yake koya musu, sai ya mallaki takardar shaidar koyarwa. Wanda shekara ta ƙare bai samu ba, ya tattara kayansa. Shugaban cibiyar, wani siririn mutum mai yawan goge gilashin ido, ya kira shi ofis.

"Malam Guduma, na sa sunanka a kwas. Wata tara ne, Asabar da Lahadi, a kwaleji."

"Ranka ya daɗe, ni za a koya wa koyarwa? Da gemun nan?"

"Har gemun za su koya wa. Kuma ka ji ni da kyau, rubutun bai dame ni ba kamar hannun nan naka. A ƙarshe za su turo sufeto ya zauna a ajinka awa guda yana kallo. In hannunka ya taɓa ɗalibi, ko ƙuda ka ce za ka kore masa, an gama. Sau biyu kawai ake ba mutum dama. Na rufa maka asiri ran da ka shaƙe wancan telan da wuyan rigarsa, a gaban sufeto kuwa ba ni da mayafin da zai isa."

Haka Guduma ya koma ɗan makaranta yana da shekara hamsin da takwas. Ya zauna cikin 'yan boko sa'annin 'ya'yansa, kujera ta matse masa cinya, biro ya ɓace a cikin yatsunsa. Aka koya masa cewa darasi yana da manufa, yana da gabatarwa, yana da aunawa. Aka ce babba ba a yi masa tsawa, jawo shi ake yi. Aka ce in ɗalibi bai gane ba, malami ya fara tuhumar kansa. Wannan ta ƙarshen sai da ya tuntsire da dariya har mai koyarwar ya tsaya yana kallonsa. Amma ya daure, ya ci jarrabawar rubutu da ƙyar, kamar an jawo shi ta taga. Ya kuma samo wa hannunsa dabara. Wani ƙaton noti ya jefa a aljihun dama, duk lokacin da ɗalibi ya yi abin da ya cancanci mari, sai ya cusa hannu ya damƙe notin har shatinsa ya fito masa a tafi.

Saura wata biyu gwajin aka kawo sababbin ɗalibai, mutum goma sha biyu. Akwai direban da aka ƙwace wa lasisi, mai bakin tsiya, akwai tsohon soja mai ɗingishi. A ƙarshensu wani ya shigo, sai da ya sunkuya a ƙofa. Dogo ne, kafaɗa kamar ƙyauren gareji, farcensa baƙi ƙirin da man mota. Da Guduma ya tambaye shi aikin da yake yi a da, bai amsa ba sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya ya miƙo kunnen dama.

"Me ka ce, Maigida?"

Guduma ya ƙare masa kallo. A cibiyar nan Malam ake ce masa, ba mai ce masa Maigida.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Lokacin mutumin nan yaro ne ɗan sha huɗu, uwarsa mai wankau ta kawo shi shago koyon aiki. A watansa na bakwai aka ba shi wani ƙyaure ya riƙe a liƙa, ya saki, ƙyauren ya karkace, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Sifana mai lamba talatin da biyu ce a hannun Guduma. Ranar bai jefa ba, don kusa suke. Da faɗinta ya shimfiɗa masa a kunnen hagu. Yaron bai yi kuka ba, abin da ya fi tsaya wa Guduma a rai ke nan. Zama ya yi daɓas a ƙasa yana kallon mutane baki buɗe, jini da wani ruwa-ruwa suna bin wuyansa suna shiga riga. Guduma ya ce ya tashi ya daina iya shege, har ya ƙara masa da ƙafa. Washegari uwar ta zo ƙofar gidansa da rigar a hannu, ta yi ta kururuwa har maƙwabta suka janye ta. Daga nan bai sake ganinsu ba.

Da aka tashi daga aji, Guduma ya zagaya bayan zauren, inda ake zubar da guntayen ƙarfe, don ya wanke hannu a famfo. Bai ji taku ba. Sai ji ya yi an cafki ƙeyarsa an buga fuskarsa da kwanon bango, kwanon ya yi ƙara kamar an kifar da faranti. Aka juyo shi. Dogo ya danna masa gwiwar hannu a maƙogwaro, ɗaya hannun riƙe da guntun rodi mai tsini. Ya ɗora tsinin a ramin kunnen Guduma, a hankali, har ya ji sanyin ƙarfen.

"Ka gane ni?"

"Na gane ka."

"Ɗaga murya, Maigida. Ka san ba na ji sosai."

"Na ce na gane ka!"

"Madalla. Ka san abin da ke cikin nan?" Ya karkato kansa. "Injin niƙa. Dare da rana, shekara ashirin da biyu, ba a taɓa ɗauke masa wuta ba. Mota ta taɓa kwashe ni ta wannan gefen, ban ji hon ba. Matata sai ta zagayo dama take yi min magana. 'Ya'yana ta hagu suke zagina suna dariya."

Hannun Guduma yana cikin aljihu, notin ya nutse masa a tafi. Da a da ne, da tuni gwiwarsa ta sami marar mutumin nan. Ya ce, "In kashe ni ka zo yi, ga ni."

"In kashe ka wa zai koya min? Garejin da nake an rufe. Masu ƙera tankoki suna ɗaukar 'yan walda, amma sai da takarda. Na zo ka ƙarasa min abin da ka katse." Ya ɗan danna rodin, wani ɗumi ya gangaro wa Guduma a wuya. "Na ji an ce kai ma takarda kake nema. An ce in ka taɓa mutum ka faɗi. To ga ni, Maigida, kullum ina nan. Ka taɓa."

Ya sake shi, ya jefa rodin cikin tarin, ya wanke hannunsa a famfon kamar ba a yi komai ba.

Guduma bai kai ƙara ba. Ya kai ya ce me, a tambaye shi mafarin abin? Sai ya nisanta mutumin daga idonsa. Ya ba shi benci na ƙarshe, can kusurwa wajen silindoji, inda mai aiki yake fuskantar bango, gefensa na hagu yana kallon allo. Guduma ya san ko wane kunne ke nan. Ya gaya wa kansa wai tsawon mutumin ne zai tare wa sauran.

Dogo kuwa bai bar shi ya sha ruwa ba. Ana tsakiyar bayani zai saki ƙarfe a kan siminti, zaure ya ɗauka, ya ce hannunsa ne ya zame. Wata rana ya yanki guntun ƙarfe, ya jira jan ya dushe ya koma baƙi kamar mai sanyi, ya ajiye a kan teburin malam. Guduma ya ɗauka. Fatar yatsu uku ta bi ƙarfen, ƙaurin ya cika wurin. Aji ya zuba ido ana jiran abin da zai biyo baya. Guduma ya tsoma hannun a bokitin ruwa ya ci gaba da magana.

Direba ya ce ƙasa-ƙasa, "Wallahi Malam ya zama waliyyi."

Soja ya ce, "Waliyyin da nake jin ƙarar haƙoransa daga nan?"

A makon ne ya yi musu darasin iska. Ya tsaya gaban allo ya faɗa, ya maimaita, cewa silindar oksijin ba ta haɗuwa da maiƙo. Ko giris, ko baƙin mai, ko man da mutum ya shafa a hannu. In iskar ta fito da ƙarfinta ta tarar da maiƙo a baki, ba ta jiran ashana, kan silindar zai tashi ya tafi da kan mutum. Ya ba su labarin wanda ya gani da idonsa, wanda aka tsinci muƙamuƙinsa a kan rufi. Mutum goma sha ɗaya suka ji. Na sha biyun yana kusurwa yana goge ƙarfe da burushi.

Ana jibi gwaji ya baje fom ɗin tsarin darasi a kan tebur a gida. Babbar 'yarsa, wadda take aikin nas, ta biyo daga asibiti da fararen kayanta. Ta zauna tana karanta masa gurabun yana cikewa da hannunsa, don kwaleji ba ta karɓar rubutun wani.

"Gurbi na ɗaya, darasi."

"Yankan ƙarfe da wuta."

"Na biyu, manufa. Baba, ba 'su iya' kawai za ka rubuta ba. Su iya me?"

"Su iya yanka mana, Uwata. Da me za su iya, rawa?"

Suka wuce na uku, kayan aiki, wannan ko a barci zai lissafa. Ta ce, "Na huɗu. Ɗaliban da ke da larurar ji, ko gani, ko ta jiki, da tanadin da malami ya yi musu."

Biron ya tsaya. Can ya rubuta, harafi bayan harafi, cewa akwai mutum ɗaya mai ciwon ƙafa, an ba shi kujera.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta dubi ɓawon ciwon da ke kunnensa, ta dubi yatsun da ita ta naɗe masa. "Mama ta ce ɗan mai wankau yana ajinka."

"Uwarki cikinta ba ya riƙe magana."

"Ina shekara shida ran da matar nan ta zo. Na ga rigar, Baba. Ta bayan ƙyaure na leƙa."

"In na rubuta za su ce ya aka yi na sani, alhali bai gaya wa ofis ba. In na faɗi yadda aka yi, wace takarda za su ba ni, ta koyarwa ko ta kotu?"

"To ka dawo da shi gaba mana, ko ba ka rubuta ba."

"In dasa shi a gabana ranar gwaji yana min wannan kallon? Ke, karanta na biyar."

Ta karanta na biyar. Amma ba ta tsaya cin abinci ba.

Sufeton mace ce, 'yar ƙarama, dattijuwa, da fayil a hammata. Ta ƙi kujera mai laushi da Shugaba ya sa aka kawo, ta jawo ta ƙarfe ta zauna a gefen allo, ta kwance agogonta ta ɗora a gwiwa. Ta ce, "Malam, ka ɗauka ba na nan."

Minti ashirin na farko suka tafi sumul. Guduma ya gaishe su, ya faɗi manufa, ya yi tambaya ya jira amsa yadda aka koya masa, har da ce wa Direba "ka yi ƙoƙari" a kan amsar da a da mari ne ladanta. Sai ya raba aiki. Direba ya kunna injin gurzar ƙarfe, Soja yana awo yana jan layi da alli. Dogo, da yake shi ne kusa da silindoji, Guduma ya yi masa nuni da hannu daga nesa ya ɗaura agogon auna iska a kan silindar oksijin. Shi kuma ya juya allo yana zana wa sauran yadda harshen wuta mai kyau yake, yana satar kallon biron Sufeto.

Bai san abin da ya sa ya waiga ba. Wataƙila shekara arba'in na aikin ne suka juya masa wuya. Abin da ya fara gani ƙaramin gwangwani ne buɗe a kan benci na ƙarshe, irin wanda 'yan gareji ba sa rabuwa da shi a aljihu. Notin agogon ya yi wa Dogo gardama, shi kuwa mutumin da ya yi shekara ashirin a ƙarƙashin manyan motoci abu ɗaya ya sani, duk abin da ya ƙi juyawa a ba shi giris. Ya lafta wa zaren notin, ya lafta wa bakin silindar, ya ɗaure tamau, wurin yana ƙyalli. Yanzu hannunsa na dama yana tafiya kan makunnin buɗe iskar.

"Dogo! Kar ka buɗe!"

Zauren ya amsa. Direba ya saki injin, Sufeto ta zabura har agogonta ya faɗi. Dogo ko motsi bai yi ba, hagunsa ne ke wajen allo. Yatsunsa suka kama makunnin.

Taku goma sha biyar ne tsakaninsu, ga benci uku. Hannun Guduma bai nemi notin aljihu ba. Akwai sifana a kan teburin malam. Ya sure ta ya wurga, yadda aka wurga masa, yadda ya wurga wa yara fiye da hamsin bai taɓa kuskure ba. Ta juya sau biyu a iska ta sauka a bayan hannun Dogo. Kowa ya ji ƙarar ƙashi.

Dogo ya dubi hannunsa. Fata ta dare, yatsu biyu sun kwanta inda ba nan ne wurinsu ba. Ya dubi sifanar a ƙasa. Sannan ya kurma wani irin ihu, wanda bai yi ba ran da yake ɗan sha huɗu.

Guduma ya riga ya taho a guje yana ture benci. Ya wuce ta gefen Dogo, ya kife tafukansa biyu a kan makunnin, ya rungume silindar da ƙirji. A nan Dogo ya same shi. Naushin farko da hagu ya kai, ya sauka a baki, Guduma ya ji haƙora sun zubo masa a harshe kamar tsakuwa. Na biyu a ido. Dogo ya suri garkuwar fuska ta walda ya rotsa masa a ka, gilashin ya tarwatse. Ya jefar, ya shiga zuba masa gwiwa a haƙarƙari, yana yi yana faɗin, "Ka taɓa! Na ce ka taɓa, ka taɓa!" Guduma yana fesa jini a jikin silindar yana cewa akwai mai, akwai mai, amma da fasasshen baki ko masu kunne biyu ba su gane ba. Bai saki makunnin ba. Ko shi daga baya bai iya tantancewa ba, don silindar ya riƙe, ko don ya san in hannayen nan suka sami sarari sai an fitar da gawa.

Dogo ya sunkuya ya ɗauki sifanar. Ya ɗaga ta, da faɗinta, daidai kunnen Guduma na hagu. Soja ne, da ɗingishinsa, ya shigo ta baya ya maƙale masa wuya, ya taka masa bayan gwiwa, suka zube tare. Sai da mutum huɗu suka hau kansa kafin ya saki ƙarfen.

Shugaba ya shigo yana salati, gilashi a hannu. Sufeto ta tsallake jinin da ke kan siminti ta zo ta tsaya gaban silindar.

"Malam, me ya sa ka jefe shi?"

Guduma ya ɗago tafi ɗaya ya nuna mata, baƙin giris ne cakuɗe da jini. Soja, yana zaune a gadon bayan Dogo yana haki, ya ce, "Malama, da ya murɗa abin nan, da yanzu a rufi ake tsintarmu, har ke da fayil ɗinki. Mai da wannan iskar ba sa haɗuwa. Malam ya gaya mana wancan makon."

"Yaushe ya faɗa?" Dogo ne, fuskarsa a ƙasa, kunnen dama a sama. "Yaushe? Ni ban ji ba."

Aka sassauta masa ya zauna. Ya dubi gwangwaninsa, ya dubi bakin silindar, ya daɗe yana kallo har leɓensa ya yi fari.

Sufeto ta ce, "Ihun da ka yi, Malam, na tabbata an ji shi a tasha. Agogona ma shi ya fasa shi. Me ya sa wannan bai ji ba?"

Shugaba ya yi wuf ya ce, "Ai injin gurza ne yake ƙara."

"Mai riƙe da injin ya ji."

Dogo ya yi wata dariya mara daɗi. "Tambaye shi, Malama. Har lambar sifanar ya sani."

Ƙarya uku suka zo wa Guduma a lokaci guda, kuma kowace za ta iya tsayawa da ƙafarta. Ya tofar da jini, ya tofar da guntun haƙori. Ya ce, "Kunnensa na hagu ya mutu. Ni na kashe shi, yana yaro, a shagona. Tun ran da ya shigo na gane shi. Ni na kai shi wancan bencin."

Ta buɗe fayil, ta zaro fom ɗinsa, ta ɗora yatsa a gurbi na huɗu ta juyo masa da shi. "Mutum ɗaya na gani a nan, mai ciwon ƙafa."

"Haka ne."

"Jifan nan zan rubuta shi yadda ya faru, da bakin shaidu. Ba zan kayar da kai da shi ba, don da ba ka yi ba da babu mai rubutun. Da wannan gurbin zan kayar da kai. Ka san mutum ba ya ji, ka kai shi inda ba zai ji ba, ka koyar da abin da ke kisa, sannan ka aike shi wajen abin." Ta rufe fayil ɗin. "Ka faɗi. Saura maka dama ɗaya, bayan sati shida. In bawan Allahn nan ya shigar da ƙara, ita ma babu. Abin da ya faru a shagonka ba hurumina ba ne, nasa ne."

Mota ɗaya ta kai su asibiti, Direba yana tuƙi ba lasisi. Suna kujerar baya, kowa ya naɗe inda ya fashe da tsumma. Sun yi nisa Guduma ya lura a hagun Dogo yake zaune. Ya ce a tsaya. Ya fita yana dafe da haƙarƙari, ya zagaya ya shiga ta ɗaya ƙofar, Dogo ya matsa.

"Za ka kai ƙara?"

"Ban sani ba tukuna."

"In ka kai, ba zan musa ba."

"Me ka ce?"

"Na ce in ka kai ba zan musa ba."

"Na ji tun farko. So nake ka sake faɗa."

Dogo bai kai ƙarar ba. Bai kuma ce ya yafe ba, ba wanda ya tambaye shi. Shugaba ya so ya kore shi saboda dukan malami, Guduma ya ce in an kore shi wa zai rubuta a gurbi na huɗu. Sati uku Dogo bai leƙo ba. Ran da ya dawo da filasta har gwiwar hannu, ya tarar an jawo bencinsa gaba, an juya shi allo yana damansa. A saman kowane benci kuma an rataya jan ƙwan fitila, makunninsu ɗaya a teburin malam, duk wanda ya ga ja ya ɗauke hannu daga abin da yake yi. Guduma ne ya ja wayar da kansa.

Ranar gwaji na biyu gurbi na huɗu bai ishe shi ba, sai da rubutun ya gangara gefen takarda. 'Yarsa ta karanta, ta gyara masa harafi biyu, ta zauna ta ci abinci. Sufeto ta zo da sabon agogo. Darasin mai da iska ya sake yi, yana tsaye a daman Dogo, Dogo ne kuma ya wanke hannunsa na hagu da sabulu a gaban aji ya ɗaura agogon iskar. Sufeto ta ba Guduma maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi, ta ce har yanzu yana yi wa magidanta magana kamar zai cinye su.

Takardar ta iso bayan wata biyu, da hotonsa a kusurwa, baki a rufe gam saboda haƙora huɗun da suka tafi. Direba ya dame shi sai da ya kawo ta aji. Ta zaga hannu-hannu har ta iso wurin Dogo, wanda yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasawa daidai ba, da hagu yake koyon riƙe walda yanzu. Ya duba hoton, ya dubi mai hoton.

"Ba ka yi kyau ba, Maigida."

"Riƙe ta gefe, kar ka ɓata min."

"Tawa fa, yaushe?"

"Ran da ɗinkin waldarka ya daina kama da kashin awaki. Ɗauki sandar walda."

Dogo ya miƙa masa takardar ya saukar da garkuwar fuska. Hannun hagun bai saba ba, ɗinkin ya karkace tun daga farko. Guduma ya cusa hannu a aljihu ya damƙe notin, ya zagayo ta dama, ya sunkuya daidai kunnen ya ce, "Sake."